Ranar da Kaka Zenabu Ta Ci Tuwo a Gaban Baƙi

Shekara biyu da na gama sanawiyya, wato sakandare, aikina ɗaya ne: sayo wa Kaka Zenabu gero da laban, nonon da ake dama fura da shi. Sauran yinin ina kwance, waya a kan ƙirji, ina jiran amsa daga wuraren da na tura takarduna. Babu wanda ya amsa.

Gidanmu yana unguwar Ƙurban a Madina, tafiyar minti goma zuwa Masallacin Ƙuba. Mu biyu ne a ciki. Uwata ta rasu ina ɗan shekara huɗu, ubana yana aiki a Yanbu, sai Idi muke ganinsa. Kaka ce ta raine ni, uwar ubana. A kan hanya aka haife ta, a wani gari a Sudan, lokacin da iyayenta ke tahowa aikin Hajji da ƙafa. Ba su koma ba.

Akushi ɗaya muke ci ni da ita, baƙin akushin itace da ya girme ubana. Duk Madina ni kaɗai ne na san yadda Kaka take cin abinci. Ko 'yarta, Goggo Khalida, in ta zo, Kaka sai ta ce ta ƙoshi. Haƙoranta na roba ne, kuma suna cin mata dasashi. In za ta ci sai ta zare su ta jefa a wani ƙaramin kofi mai bakin zinare. Nan da nan fuskar ta shige ciki, haɓa ta taso kusa da hanci. Ta lailaya loma ƙarama, ta daɗe tana juya ta a baki.

"Maigida, kau da kai, amarya za ta kwance kaya," haka take cewa kullum kafin ta zare su.

"Wace amarya? Ke da tun zamanin raƙuma kike amarci."

"To sake ni mana. Mu ga wadda za ta kwashi mijin da ba shi da shugul."

Shugul, wato aiki. Wasa take yi, na sani. Amma yana shiga.

In mun gama sai ta jawo tukunya, ta kankare ƙanzon da ya kama a gindi, mu yi ta faɗa a kansa. Ta ce nata ne tunda ita ta tuƙa. In ce ba ta da haƙorin taunawa. A ƙarshe ta jiƙa kaɗan a miya, ta turo mini sauran tana zagina.

Nadiya ce ta kawo maganar baƙi. Jikar wata ƙawar Kaka ce, ta girme ni da shekara shida, ta buɗe ɗan kamfanin yawo da masu ziyara. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayarwa, sai dai ta ɗan yayyafa Hausar in tana son a yi mata wani abu. Ta zo bayan La'asar, ta sumbaci kan Kaka, ta zauna ta fito da waya.

"Ya sitti, duba wannan." Sitti take kiran ta, wato kaka.

Bidiyon wasu mutane ne a bakin wani kogi a Meksiko, ta ce sunansu Yokot'an. Ga baƙi suna sauka daga kwalekwale. Ga wata tsohuwa tana dama masara da ƙwayar da ake yin cakulan da ita a cikin ƙwarya. Ta kurɓa, ta miƙa wa baƙuwa, suna dariya.

Kaka ta matso da wayar kusa da ido. "Wannan ai fura ce, ƙonewa ta yi. Wa ya koya musu ƙwarya?"

"Daga ko'ina ake zuwa ganinsu, sitti. Mutane sun gaji da shinkafar otal. So suke su shiga gida, su ga abincin kakanni. Mu ma ai muna da namu."

Tsarin nata shi ne, kowace Asabar ta kai baƙi Ƙuba, daga nan gonar dabino, sannan abincin rana a gidan Hausawa. Gidanmu. Ni zan zama murshid, mai jagorar baƙi, da kati a wuya mai hotona da sunana. Gwaji na Asabar biyu. In ya yi kyau, na samu aiki.

Kaka ta kalle ni, ta ga abin da ke fuskata.

"Baƙo ai albarka ne," ta ce. "Su zo."

Asabar ta farko tun bayan Asuba Kaka da Goggo Khalida suke tsakar gida. Tuwon gero, miyar kuka da naman rago, dambu, fura a manyan ƙore biyu. Kawu Bakri, mijin Goggo, ya aiko da tsire daga shagonsa, wanda mutanen nan suke kira siriya suna ɗauka nasu ne tun asali. Kaka ta fito da akusanta na ajiya guda huɗu, ta shafe su da mai har suna ƙyalli.

Nadiya ba ta biyo mu ba, ta tsaya a gona da wani rukuni. Ni na shigo da mutum goma: iyali biyu daga Riyad, miji da mata 'yan Malesiya, da wani dattijo ɗan Kuwait mai sanda. Na zaunar da su a majalisa, ɗakin baƙinmu. Kaka ta shigo, mayafi ya rufe mata baki, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiyar hanya. Muka jera akusa a kan leda, kowane da faifai a rufe. Na ajiye buta da tasar wanke hannu.

Sai Kaka ta taɓa hannuna, muka fita, ta ja ƙofa.

Haka ake yi a gidanmu. Baƙo a kai masa abinci a rufe, a ba shi ruwa, a ba shi wuri. Ba a tsaya masa a ka ana ƙirga masa loma. In yana da yunwa ya ci ya sake ci, in yana son ya suɗe yatsa ya suɗe, babu idon da zai ji kunya. Haka na ga ana yi wa abokan mijinta, kakana, haka ake yi wa alhazan da ke sauka wurinmu daga Kano da Damagaram. Ni da aka haifa a Madina, na sha cin abinci a gidajen Larabawa, na san mai gida yana zama ne yana yago nama yana tura maka. Na sani. Amma a ƙofar majalisarmu hannun Kaka ya taɓa ni, ƙafata ta bi ta, ko tunani ban yi ba.

Muka zauna a tsakar gida. Minti goma. Minti ashirin.

"Ka ji shiru?" Kaka ta ce a hankali, tana murmushi. "Ci suke yi. Tuwon ya kama su."

Wajen minti talatin ƙofa ta buɗe. Dattijon nan ne, dogare da sanda.

"Ya waladi, ɗana, ina masu gidan? Wani laifi muka yi?"

Na leƙa. Fayafan suna nan yadda muka bar su. Babu wanda ya ɗaga ko ɗaya. Suna zaune suna jiran mai gida ya zo ya yi bisimilla. Yara biyu suna kuka ƙasa-ƙasa. Na buɗe akusan. Tuwo ya sandare, miya ta yi fata a sama, man tsire ya daskare. Suka nemi cokali. Suka ɗan tsakura don kara, suka sha shayi, suka tafi.

Da na dawo da akusan, Kaka ta ɗaga faifai ɗaya, ta ɗaga na biyu. Ta daɗe tana kallo.

"Shekara sittin ina tuƙa tuwo," ta ce. "Ba a taɓa mayar mini da shi ba."

Goggo Khalida ta ce, "Inna, ai ba su san al'adar ba ne."

"Mutum goma, babu mai hankali ɗaya da zai ɗaga faifai?"

Washegari Nadiya ta tsaya da mota a bakin lungu, ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta miƙo mini waya. Baƙin sun rubuta ra'ayinsu a shafin kamfaninta. Wani ya ce an kulle su a ɗaki kamar masu jiran a buga musu fasfo. Wata ta ce tsohuwar ta gaishe su ta gudu, kamar tana ƙyamarsu.

"Saminu, kai mahaukaci ne? Wallahi ita ban ga laifinta ba, tsohuwa ce. Kai fa? A ina ka girma?"

"Al'adar gida ce."

"Al'ada ake zuwa gani, ba ƙofa ba! Ka tuna matar kogin nan? Me ta yi? Ta sha, ta miƙa. Shi ke nan abin da ake nema. Asabar mai zuwa sitti za ta zauna a tsakiyarsu. Ita za ta fara sa hannu, ta nuna musu yadda ake cin tuwo, ta ci tare da su. Zan kawo mai ɗaukar hoto."

"Ba ta ci a gaban mutane."

"To khalas, magana ta ƙare. Akwai gidan wasu Bukharawa a Uhudu, uwarsu tana roƙona in kawo mata baƙi, kuma tana da ɗa mai Turanci." Ta sassauta murya, ta koma Hausa. "Ɗan'uwana, taimakonka nake yi. Lallaɓa ta."

Kwana uku ina ɗauke da maganar. Ran Laraba da rana muna gaban akushi, ta zare haƙora ta sa a kofi, na faɗa mata.

Ta yi dariya har ta ƙware. "In ci tuwo gaban maza? Da wannan bakin? Maigida, kishi ma ba ka da shi?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka. Zan tuƙa musu, zan dama musu. In suna so in tsaya bakin ƙofa in ce bisimilla, zan ce sau goma. Khalida ta zauna da su."

"Ke suke so. Tsohuwa suke so."

"To a sayo musu a kasuwa."

"Loma uku ce fa, Kaka."

"Kakanka shekara arba'in muna tare, bai taɓa ganin loma ta shiga bakina ba. Lokacin ma da haƙorana fari tas. Sai yanzu da na zama haka zan buɗe wa ɗan Kuwait?"

Na cire hannuna daga akushin. Abin da na faɗa bayan nan na daɗe da shi a ciki, ban san ya nuna haka ba.

"Ke kin gama rayuwarki. Ni fa? Kullum sai kin ce mijin da ba shi da shugul. Ga shugul ya zo har gida, kin tare ƙofa saboda kunyar ƙauyen da ko ganinsa ba ki taɓa yi ba. So kike in tsufa a gindin akushin nan, don ki samu mai taya ki ci. Shi ke nan amfanina a wurinki."

Lomar da ke hannunta ta mayar da ita gefen akushi. Ta ɗauki haƙoran, ta juya baya ta sa. Ba ta taɓa juya mini baya don ta sa su ba.

"Tayyib, shi ke nan," ta ce. "Su zo."

Ranar ba a kankare tukunya ba.

Asabar ta biyu mutum goma sha biyu ne, da Nadiya, da wani saurayi mai kyamara da fitila a kan sanda. Nadiya ta kawo wa Kaka atamfa mai manyan furanni, ta ce baƙar abayar da take sawa ba ta nuna Afirka. Kaka ta karɓa ta ɗaura. Ba ta yi gardama a kan komai ba. Aka ce ta zauna nan, ta zauna. Aka ce ta matsa don haske, ta matsa. Aka ce a sauke mayafin daga baki, ta sauke.

Ni ina tsaye ina bayani da Larabci, yadda Nadiya ta rubuta mini. Wannan gero ne. Wannan garin ganyen wata babbar bishiya ne. Kakannina sun yi shekaru a hanya don son Manzon Allah. Baƙi suna gyaɗa kai, suna cewa masha Allah.

Nadiya ta durƙusa kusa da ita. "Yalla ya sitti, bismillah."

Na ɗauka da haƙoran za ta ci, ta daure, loma biyu ko uku. Abin da na tsara ke nan a raina. Sai na ga ta sa hannu a cikin zaninta, ta fito da kofin nan mai bakin zinare. Ta ajiye shi a kan leda, tsakanin akushi da ƙwaryar fura.

"Kaka," na ce da Hausa, "ba sai kin..."

"Ka ce gani suke so," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "To su gani."

Ta zare su. Suka faɗa kofin da ƙara, ƙwal. Fuskar ta shige, haɓa ta taso. Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, uwarsa ta toshe masa baki, ita ma kafaɗunta suna motsi. Mai kyamara ya matso, ya durƙusa, ya kai fitilar kusa.

Kaka ta gutsuri tuwo, ta murza shi a tafin hannu, ta yi masa rami da babban yatsa, ta dangwalo miya. Ta kai baki. Ta yi ta juya lomar a hankali, yadda take yi. Miya ta ɗan gangaro ta gefen leɓe, ba ta goge ba. Duk wannan ba ta kalli kyamara ba, ba ta kalli baƙi ba. Ni take kallo.

Loma uku na roƙa. Ta ci bakwai. Na ƙirga.

Wani magidanci ya fara tafi, sauran suka kama. Suka naɗe hannun riga suka afka wa akusan, suna murza tuwo yana zubewa, suna dariya. Wata mata ta rungume Kaka tana cewa ta tuna mata da kakarta, hawaye a idonta, da gaske take. Suka jeru ɗaukar hoto da ita, wani har da kofin a hannu. Aka cinye tsire, aka shanye fura. Akusa huɗu suka fita a suɗe.

A bakin ƙofa Nadiya ta rataya mini katin a wuya da kanta. "Ka gani? Wallahi sitti 'yar wasa ce! Wannan na haƙoran wa ya ba ta shawara? Kai ne?"

Na ce a'a.

Kafin Magariba hoton ya zaga. Goggo Khalida ta kira ni. "Saminu, Allah ya isa tsakanina da kai. Uwata ce wannan ake turawa a waya?" Ta kashe kafin in yi magana. Ubana bai kira ba. Nadiya ta turo saƙo cewa Asabar huɗu masu zuwa duk sun cika.

Kaka ta wanke akusanta, ta yi sallolinta, ta shiga ɗaki. Ban bi ta ba. Na ce a raina gobe a gaban tuwo zan ba ta haƙuri. A can muke shiryawa kullum, ko na fasa mata kwano, ko na ƙi zuwa aike. Ta zage ni, in zolaye ta, ta turo mini ƙanzo.

Lahadi bayan Azahar na dawo daga masallaci, na wuce tsakar gida inda muke zama. Tabarmar a naɗe take a jingine da bango.

"Kaka?"

Ta fito daga kicin, haƙora a baki, mayafi a kai kamar mai fita unguwa. "Sannu da zuwa, Saminu. Shiga majalisa."

Sunan ya yi mini baƙo a bakinta. Ban tuna ranar da ta kira ni da shi ba.

"Majalisa kuma? Wa ya zo?"

"Shiga dai."

Na shiga. Babu kowa. An share, an kunna na'urar sanyi, an shimfiɗa leda sabuwa. Na zauna don ban san abin da zan yi ba. Ta shigo da akushi, ba namu ba, ɗaya daga cikin na ajiya, rufe da faifai. Ta koma ta kawo buta da tasa. Ta koma ta kawo fura a ƙaramar ƙwarya da ludayi. Ta jera su a gabana a natse, yadda ta jera wa ɗan Kuwait.

"Kaka, ki yi haƙuri. Ban yi zaton..."

"Ba komai. Yaya gajiyar aiki?"

"Zauna mu ci."

"Na ƙoshi."

"Haba matata. Yau kuma yaji aka yi mini?"

Ta dube ni da fara'a, irin wadda take yi wa alhazan da ba ta san sunansu ba.

"Ran Asabar su nawa ne? Ka faɗa mini da wuri, don in san geron da zan jiƙa." Ta gyara faifan da ya ɗan karkace. "A ci lafiya."

Ta fita, ta ja ƙofa a hankali.

Na saurara. Na ji takunta har ɗakinta, na ji ta tura tata ƙofar, na ji sakata. Can, ƙasa-ƙasa, ƙwal.

Na ɗaga faifan. Malmala biyu, sumul, masu zafi. Miya da yawa, da tsokar nama huɗu, waɗanda suka fi kyau a tukunya. Na juya malmalar, na duba ƙarƙashi, na duba gefen akushin. Babu ƙanzo.

Yau wata biyar ke nan. Kowace Asabar tana fito da kofin a gaban mutum goma sha biyu, ana tafi, ni ina tsaye da kati a wuya ina bayanin gero. Sauran kwana shidan mako a majalisa nake ci.